Hammar Yunwa

Rannan jikata mai karatun aikin jinya ta zo da ƙawayenta biyu, suka nuna mini wani mutum mai farar riga a cikin salula. Ya kwantar da wata mata a gado mai laushi, ya kama haɓarta, ya ɗan murɗa, aka ji ƙas, matar ta tashi tana dariya. Suka ce, "Kaka, ashe aikin naki ke nan? Ai ko minti ɗaya bai kai ba." Na ce su sake kunna mini. Sau uku na kalla. Matar tana da kumatu, wuyanta a cike, da gani ta karya kumallo kafin ta fito gida. Na ce musu irin wannan ba ta ba ni tsoro. Tun da kun ce aikin ba wuya, ku gyara zama ku ji.

Sunana Falmata, 'yar Bukar Maɗori. Kakanninmu daga Barno suka zo Damagaram, kuma da sana'ar ɗori suka zo. Babana yana ɗora karaya, yana gyara targaɗe, amma abin da ya yi suna a kansa shi ne muƙamuƙi. Daga Tirmini, daga ƙauyukan yamma, har daga bakin iyaka ana kawo masa mutanen da bakinsu ya buɗe ya ƙi rufuwa.

Na farkon da na gani da idona wani mahauci ne. Ya wage baki yana yi wa wani tsawa a kasuwa, bakin ya tsaya a nan. Aka kawo shi yawu na zuba a gaban rigarsa, haɓarsa ta turo gaba, idanunsa kamar za su faɗo. Babana ya zaunar da shi a ƙasa, ya jingina ƙeyarsa da bango. Ya ɗauko ƙyalle biyu ya naɗe manyan yatsunsa, ya cusa su a bakin mutumin har kan turame, manyan haƙoran ƙarshe na ƙasa, sauran yatsun suka tallafi ƙashin ta waje. Ya danna ƙasa a hankali yana tambayarsa naman me ya yanka yau, ko da yake mutumin ba shi da bakin amsawa. Can sai haɓar ta zame ta koma, haƙora suka haɗu da ƙarfi. Kafin su haɗu babana ya riga ya zame yatsunsa gefen kumatu. Babban yatsansa na dama guntu ne, ba farce. Wani soja ne ya datse shi da haƙora tun kafin a haife ni, lokacin bai iya zamewa da sauri ba.

Kayan aikinmu ke nan: ƙyalle mai tsabta, bango, man kaɗanya, rairayi da ake ɗumamawa a kasko a ƙulle a tsumma, da ɗan dogon zane na ɗaure haɓa da tsakiyar ka. Sauran duk a yatsu yake.

Yayyena maza biyu ba su zauna ba. Ɗaya ya tafi lakwal, makarantar boko, ya zama ma'aikacin gwamnati, ɗaya ya bi fatauci. Ni ce mai miƙo ƙyalle, har babana ya lura ina kallon hannunsa maimakon fuskar mai ciwo. Ya fara aikena mahauta in karɓo kan rago kafin a babbake. Ya ce in goce muƙamuƙin, in mayar, in sake gocewa, idona a rufe. A nan na gane abin da ke faruwa a ciki. A gaban kunne akwai wani ɗan tudu na ƙashi. In mutum ya wage baki da yawa, kan muƙamuƙin yakan tsallake tudun nan ya maƙale a gabansa, naman wurin kuma ya ɗaure tamau. In ka tura baya, da tudun kake faɗa, kuma ba za ka ci ba. Sai ka saukar da ƙashin ƙasa da tudun tukuna, sannan ya koma gida da kansa.

Shekara biyu bai bar ni na sa yatsa a bakin ɗan Adam ba. Aikina kawai in ɗora kan yatsuna a gaban kunnen duk wanda ya zo, ya buɗe, ya rufe, in faɗi abin da na ji. Domin mafi yawan masu zuwa bakinsu na rufuwa lafiya. Ciwo ne ke damunsu. Badukun da ke jan fata da haƙori, mai cin goro da gefe ɗaya shekara talatin, ladanin da muƙamuƙinsa ke ƙara in ya ɗaga murya, matar da ke kwana tana taunar haƙora ba ta sani ba. Waɗannan ba a murɗa su. Rairayi mai ɗumi ne, da murza naman da man kaɗanya tun daga gefen goshi har kusurwar haɓa, da sa yatsa ta cikin kunci a sami inda ya ƙulle a danna har ya saki. Sai a hana su abu mai tauri na 'yan kwanaki. Aiki ne na shiru, ba abin da za a ɗauka a nuna wa jama'a.

Abu uku ya ce kada in taɓa ruɗa su. Bakin da ya goce a buɗe yake tsayawa, wannan namu ne. Ƙashin da ya karye, haƙoran sama da na ƙasa ba sa zama daidai, in ka bi gefen ƙashin da yatsa za ka ji matakala. Wannan ba a dannawa. Bakin da ya sarƙe a rufe kuwa, mai shi na miƙewa yana sanƙarewa, wannan na gidan likita ne tun da sauri. Ya ƙara da doka ɗaya: gocewar da ta wuce mako kada in sa hannu, domin nama ya riga ya fara cika gurbin.

Farin farko, shekarar da ruwa ya ƙi, tare muka yi shi da babana, ina tsaye a bayansa. Na biyun, wanda ya zo bayan wajen shekara goma, ni kaɗai ya tarar. Babana ya rasu damina ɗaya kafin nan. Ina gidan mijina Mamman, tela ne a kasuwa, muna zaune a gefen unguwar Kara-Kara da 'ya'ya uku.

Ku ba ku ga wannan shekarar ba. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe. Kafin sanyi ya wuce mutanen ƙauye sun fara shigowa gari, suna kafa tsummoki a gindin duwatsu bayan unguwarmu. Ruwa sai an kai bido, wato jarka, layin famfo tun asuba, wani lokaci a dawo da shi wayam. Mutane suna cin dusa, suna jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, suna gwaguyar goriba har ƙwallo. Masu ciwon muƙamuƙi suka yi yawa saboda goribar nan. Amma abin da ya fi kawo mini aiki hamma ce. Mai jin yunwa hamma yake yi, doguwa, wadda ba ya iya tsayar da ita. Naman fuska kuma ya zube, ba abin da ke riƙe ƙashin. A da sai in yi wata biyu ban ga bakin da ya goce ba. A shekarar nan akwai makon da na mayar da uku.

Kuma ba irin bakunan da na koya a kansu ba ne. Dasashi na zubar da jini da an taɓa. Turamen da zan danna suna girgiɗi a ƙarƙashin yatsana. Ƙashin kansa in na tallafe shi sai in ji kamar busasshen kara. Babana ya koya mini inda zan danna, bai koya mini abin da zan yi in wurin dannawar ba zai ɗauka ba. Kowane baki na sa hannu a ciki, sai in ji gumi na bin bayana.

Wani manomi aka kawo mini a amalanke, bakinsa a rufe gam, ƙafarsa da tsohon yanka da ya ruɓe. 'Yan'uwansa suka miƙo mini ludayin ƙarfe suka ce in ɓanɓare. Na ce wannan ba nawa ba ne, su kai shi gidan likita yanzu. Suka ce don sun zo hannu wofi ne na ƙi. Babban cikinsu ya tsaya a ƙofar gida ya ce da ubana ne da bai kore su ba. Sun kai shi, ya rasu bayan kwana biyu. Maganar ta zaga unguwa, cewa 'yar Bukar ba ta kai ubanta ba, tana kuma zaɓen wanda za ta taɓa.

Ana cikin wannan maganar ne, da hantsi, wani tsoho ya yi sallama. Dogo ne, ya rame har rigarsa na lilo. A bayansa, da ɗan nisa, wata yarinyar mace ce da goyo, ta rufe fuskarta da gefen zane, zanen ya jiƙe daga haɓa har ƙirji.

"Nan ne gidan 'yar Bukar Maɗori?"

"Nan ne, Baba. Daga ina?"

"Daga ƙasar Garagumsa. Sunana Haladu. Wannan matar ɗana ce."

Bai waiwaya ya dube ta ba. Yana magana fuskarsa na kallon bango, kamar yadda suruki ke yi. Ya ce ɗansa Sani ya tafi kudu neman aiki tun da gero ya mutu, ba labari. Matarsa shi tsohon ta rasu da sanyi. Su uku suka rage a gidan, shi da matar ɗan nasa, wadda daga baya na san sunanta Barira, da jaririyarta 'yar wata huɗu. Barira tana zaune bakin rijiya tana jiran ruwa ya tsatso, hamma ta zo mata, bakin bai koma ba. Wanzamin garinsu ya gwada, ya tura haɓar sama da tafin hannu har ta suma. Wasu suka ce iska ce. Jakinsu an riga an sayar. Da ƙafa suka taso, sai a rana ta uku wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ya tausaya ya ɗauko su.

"Yau kwana nawa?"

"Tara."

Na shigar da ita rumfa, na janye zanen. Leɓunanta sun tsage. Harshenta ya bushe ya yi fari, ya daddare kamar ƙasan tabki. Ƙudaje suka taso nan take. Ba ta iya tauna, ba ta iya haɗiya sosai, in an ɗiga mata kunu rabi ya dawo, rabi ya sarƙe ta. Na ɗora yatsu a gaban kunnuwanta, na ji ramuka biyu inda ƙashi ya kamata ya kasance, naman kewaye kuma ya yi tauri kamar igiya. Na bi gefen ƙashin, ba karaya. Na taɓa turamenta, duk suna motsi. Ta kwance goyon ta ba jaririyar nono, jaririyar ta ja, ta ja, ta saki, ta yi wani ɗan kuka marar ƙarfi.

Dokar babana mako ɗaya ce. Na sa mayafi na raka su gidan likita. Babban ma'aikacin jinya, wanda muke kira majo, ya san babana. Yara masu ƙyanda na kwance har a ƙarƙashin itatuwa, amma ya tsaya ya duba ta da kyau. Sannan ya ja ni gefe.

"Falmata, wannan sai an sa ta barci a mayar. Likitan da ke yi ya fita daji da masu rigakafi, zai kai kwana goma. Ko yana nan ma, a yadda jikinta yake, ban tabbata za ta farka daga maganin ba."

"Kwana goma fa, Majo? Dubi 'yar."

"Na gani." Ya dubi jaririyar. "In ni zan taɓa, hannunki ya fi nawa sanin wurin. Amma kada ki taɓa yau. Ki sa mata ruwa a jiki tukuna."

Ya ba ni ƙullin garin gishiri da sukari, da ɗan garin madara, da bututun allura marar tsinke don in riƙa ɗura mata.

Da Mamman ya dawo kasuwa ya ga baƙi, ya kira ni ɗaki.

"Kin ji abin da ake faɗa a kanki tun wancan mutumin. In wannan ta mutu a hannunki, a cikin gidan nan, me za ki ce wa jandarma?"

"In na bar ta ma mutuwa za ta yi."

"Amma ba a hannunki ba."

Ya dubi tukunya, ya dubi 'ya'yanmu, ya fita. Da ya dawo sai ya shimfiɗa wa tsohon tabarma a zaure.

Kwana biyu ina ɗura mata ruwan gishiri da tsararren kunu ta gefen kunci, ɗigo-ɗigo, ina shafa mata maƙogwaro don ya wuce. Tiyar geronmu da ke kai mu kwana uku ta koma kwana biyu. Safe da yamma ina dama kunu, in kai wa tsohon 'yar ƙwarya a zaure, in ajiye ta Barira a inuwar ƙofa ta huce. Tsakanin haka ina gasa mata gaban kunne da rairayi, ina murzawa da mai. Naman bai saki ba ko kaɗan.

A rana ta uku na gwada. Na jingina ta da bango, na naɗe yatsu, na yi bisimilla, na danna kamar yadda na saba. Ba abin da ya motsa. Na ƙara ƙarfi. Sai na ji ƙas a ƙarƙashin yatsana na dama, jini ya cika ƙyallen, Barira ta sulale.

Na tsaya da hannuna a sama. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba kafin na iya taɓa ta. Na bi gefen ƙashin da yatsa daga kunne har haɓa, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ina neman matakala. Babu. Na warware ƙyallen, sai ga turmi guda da saiwarsa. Haƙori ne ya fita. Na yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, na toshe wurin da auduga. Ta dube ni, bakinta a buɗe, hawaye na gangarawa cikinsa.

Daga zaure tsohon ya ce, "'Yata, ya shiga?"

"Bai shiga ba, Baba."

"To. Allah ya sa ya shiga."

Ran nan jaririyar ba ta yi kuka ba sam. Na dama mata madarar majo, ta sha kaɗan ta amayar.

Na wuni ina tunanin hannun babana. Sai na tuna wani Buzu da aka taɓa kawo masa, tsoho marar haƙora. Babana bai danna gefe biyu a tare ba. Ya ɗora yatsa a kan ƙashin da ke bayan inda turame suke ƙarewa, ya bi gefe ɗaya har ya shiga, sannan ya koma ɗayan. Sau ɗaya tak na gani, kuma ina yarinya. Abin da na tuna sarai shi ne mutum biyu ne suka riƙe kan Buzun, domin in ka danna gefe ɗaya kai juyawa yake yi, bango ba ya isa.

Da safe aka yi shela kamiyon hatsin taimako ya iso. Unguwa ta watse. Mamman ya ɗauki buhu ya tafi da babban ɗanmu, maƙwabta duk suka bi layi, kuma na san ba mai dawowa kafin la'asar. Na dubi Barira. Idanunta sun faɗa fiye da jiya. Na dubi jaririyar. Na fita zaure.

"Baba, ina so ka riƙe mini kanta."

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni?"

"Ba kowa a unguwar nan sai kai."

"'Yata, tun da aka kawo ta gidana ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ko sunanta ba na kira. Yaya zan rungumi kanta? A jira mai gidanki."

"In na jira la'asar ƙarfin da na tara mata zai zube. Jiya ta suma. Ban san ko za ta ɗauki na uku ba. Wannan ne na ƙarshe da zan iya."

Ya dafa bango ya miƙe, ya cire hularsa ya ajiye a kan tabarma, ya biyo ni.

Da Barira ta gan shi ta jawo zane za ta rufe fuska. Na riƙe hannunta. Na zaunar da shi ya jingina da bango, na zaunar da ita a gabansa, ƙeyarta a ƙirjinsa. Na ɗauki hannuwansa na ɗora ɗaya a goshinta, ɗaya a tsakiyar kanta. Ya runtse ido.

"Ko ta yi ƙara, ko ta shure, kada ka saki."

"Ba zan saki ba."

Na fara da hagu. Na wuce turamen, na sami ƙashin can baya, na ɗora yatsa, na sa nauyin jikina a kai ba tare da fizga ba. Ga abin da ba a gani a salula: ba ƙarfi ke mayar da muƙamuƙi ba, jira ne. Naman yana ja, kai kana riƙe, har ɗayanku ya gaji. Na riƙe tsawon da mutum zai yi alwala sau uku. Kafaɗata ta fara rawa. Ina jin ƙashin yana ɗan lanƙwasa a tafin hannuna, ina ta roƙon Allah kada ya ba da ƙara. Can na ji ya sauka kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero. Na ɗaga haɓar da sauran yatsu. Ya zame ya shiga.

Yanzu bakinta ya karkace, hagu a gida, dama a waje. Wannan ne wuri mafi hatsari, domin in na saki hagun zai sake fita. Na tokare shi da hannu ɗaya, na kai ɗaya yatsan dama, daidai bayan ramin haƙorin jiya. Da na danna ta yi wani gurnani daga maƙoshi, jikinta duka ya sanƙare, ƙafafunta na tonon ƙasa. Naman ya ɗaure fiye da da. Ina jin hagun yana neman zamewa. Yatsuna sun mutu, ba na jin su.

"Baba, yi mata magana."

"In ce me?"

"Ko mene ne. Hankalinta nake so ya bar bakin."

Na ji numfashinsa na fita da ƙyar. Sannan, idonsa a rufe, ya sunkuyar da kai kusa da kunnenta.

"Barira," ya ce. "Barira, ki ji. In Allah ya kawo ruwa, gonar bakin tabki taki ce. Ba ta Sani ba, taki. Ki shuka gyaɗa. Irin yana nan, na binne shi a tulu a ƙarƙashin rumbu, ban gaya wa kowa ba. Ko da yunwa ta yi yunwa ban taɓa shi ba."

Idanunta suka juya sama, suna neman fuskarsa. Mutumin da bai taɓa kiran sunanta ba. A daidai nan naman ya saki. Na danna, na ɗaga. Ba wani ƙas da aka ji. Wani ɗan sauti ne mai nauyi, kamar an zare ƙafa daga laka. Haƙoranta suka haɗu a kan yatsana, domin ban ji lokacin zamewa ba. Farcen nan ya yi baƙi ya fita daga baya, ga shi har yau a karkace ya tsiro.

Ta rufe leɓunanta. Na ga maƙogwaronta ya motsa, ta haɗiye yawu. Ta sake haɗiyewa.

"Saki, Baba. Ya shiga."

Bai saki ba. Sai da na ɓanɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Ya miƙe bai dubi kowa ba, ya koma zaure.

Na ɗaure mata haɓa da tsakiyar ka, na ce kwana bakwai ba magana, ba tauna, ba dariya. In hamma ta zo ta dunƙule hannu ta tokare haɓa. Gocewar da ta daɗe haka, abu kaɗan ke sake fitar da ita, in kuwa ta sake fita ban san abin da zan yi ba. Kullum da safe kafin in yi komai sai na je na taɓa gaban kunnuwanta. Da karan dawa da na rarake cikinsa take zuƙar kunu ta tsakanin haƙora. Mamman ya samo jar dawa a rabon, muka riƙa haɗawa da sauran geron. A rana ta huɗu na ji kukan jaririyar daga bakin murhu, kuka sosai mai ƙarfi, har na yar da muciya. A ta biyar nonon ya fara dawowa.

Ran na bakwai na kwance ɗaurin. Na sa ta buɗe faɗin yatsa ɗaya, ta rufe. Faɗin yatsa biyu, ta rufe. Haƙoran suna zama daidai. Ƙashin yana tafiya a gurbinsa a ƙarƙashin yatsuna, da ɗan gurzawa, amma yana tafiya.

"To, yi magana mu ji. A hankali."

Ta motsa leɓe sau biyu ba abin da ya fito. Kwana goma sha tara rabonta da kalma. Na ɗauka za ta yi hamdala, ko ta tambayi labarin mijinta. Muryar ta fito a dushe.

"Yaya, ki tsaya a kan Baba ya sha kunun."

"Yana sha. Kullum ƙwaryar wayam take dawowa."

Ta girgiza kai a hankali, hannunta a haɓa.

"Juyewa yake yi cikin tawa. In kin ajiye ta a ƙofa kin koma madafa. Tun daga gida haka yake yi, har a hanya. Ina gani. Ba ni da bakin hana shi."

Ni kuwa kwana da kwanaki ina ganin ƙwaryarta ba ta saurin ƙarewa, ina cewa albarka ce.

Na dama sabon kunu mai kauri, na kai zaure. Yana zaune ya jingina, carbi a hannu, kuma sai a lokacin na dube shi da idon sana'a. Ƙafafunsa sun kumbura. Fatar wuyansa ta zama kamar tsumma.

"An kwance?" ya tambaya.

"An kwance, Baba."

"Ta yi magana?"

"Ta yi."

"Me ta ce?"

"Ta ce ka sha."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi ƙofar cikin gida. Ya ce in ajiye, zai sha in ya huce. Na ce ya riga ya huce, kuma ba inda za ni. Na tsuguna a gabansa. Ya karɓa da hannu biyu. Na ce kaɗan-kaɗan, kada cikin ya ƙi. Ya kurɓa, ya tsaya, ya kurɓa. Ban tashi ba sai da na ga gindin ƙwaryar.

Sun ƙara kwana shida a wurinmu, kullum ina tsaye a kansa safe da yamma. Na so su ƙara, ya ce sai sun nemo Sani kafin ruwa ya sauka. Mamman ya samo musu wuri a kamiyon da ke zuwa kudu, muka raka su tasha. Barira ta gyara goyonta, ta kama ƙarfe, ta hau da ƙafarta. Shi sai da mutum biyu suka ɗaga shi suka miƙa. Ita ta karɓe shi daga sama, ta zaunar da shi a kan ƙullin kayansu, ta tsaya ta gefen rana ta yi masa inuwa. Ban sake jin labarinsu ba.